Yadda Za a Faɗakar da Mutanen Karkara Game da Tarin Fuka a Jihar Damagaram

Duk wanda aka ɗora wa nauyin faɗakar da mutanen ƙauye game da tarin fuka, ko ma'aikacin lafiya ne, ko ɗan sa-kai na gari, ko malamin makaranta, ko mai gabatar da shiri a rediyon karkara, ya kamata ya san tun farko abin da za a auna aikinsa da shi. Abu biyu ne: mutum nawa masu daɗaɗɗen tari suka kai kakinsu aka gwada, kuma cikin waɗanda aka samu da cutar, mutum nawa suka sha magani har ranar da asibiti ya sallame su. Ana iya cika dandalin gari da jama'a, a yi kiɗa, a raba riguna masu rubutu, a watse ba tare da ko mutum ɗaya ya kama hanyar asibiti ba. Shawarwarin da ke tafe an gina su ne a kan waɗannan abubuwa biyu, tare da la'akari da yanayin ƙauyukanmu na Mirya, Magarya, Kance, Dungas, Tanut da Gure, inda nisan hanya da kunya suke hana mutane magani fiye da yadda rashin sani yake hana su.

Kafin a kira taro

Aikin yana farawa ne daga cibiyar lafiya ta yankin, wato CSI. Ku je ku zauna da majo, wato shugaban cibiyar, ku tambaye shi dalla-dalla ko a nan ake gwada kaki ko kuwa sai an aika da shi asibitin gunduma, waɗanne ranaku ake karɓa, kwana nawa sakamako yake yi kafin ya dawo, ko akwai 'yan robobin tofa kaki a ajiye, kuma idan an samu mutum da cutar a ina zai riƙa karɓar magani. Ku tambayi abin da ake biya da abin da ba a biya, musamman hoton ƙirji idan an buƙace shi, ku rubuta amsar. Idan kuka ce wa magidanci ya je a gwada shi, ya sayar da zakara ya hau kabu-kabu, ya isa ya tarar mai gwajin ba ya nan ko aka ce ya dawo wani mako, to ba shi kaɗai kuka rasa ba, domin da yamma zai ba da labari a majalisa, kuma daga ranar maganarku ta rage daraja a garin.

Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, a ƙarƙashin shirin ƙasa na yaƙi da wannan cuta da ke ma'aikatar lafiya a Yamai, kuma wannan labari ne da ya kamata ya shiga kunnen kowa. Sai dai ku faɗi sauran gaskiyar ma, cewa kuɗin mota, da guzuri, da kwanakin da za a bar gona ko kasuwa, duk suna wuyan mara lafiya da danginsa. Wanda ya san haka tun yana gida zai yi shiri, kuma ba zai ji an yaudare shi ba.

Daga cibiyar lafiya sai gidan mai gari. A ƙasar da sarauta take da ƙarfi irin Damagaram, inda magana take gangarowa daga fadar Sarki zuwa ga hakimai, daga hakimai zuwa ga masu gari, baƙon da ya tsallake mai gari ya tara jama'a ya riga ya ɓata aikinsa da hannunsa. Bayan gaisuwa, ku taƙaita buƙatarku kamar haka: "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan masu tarin da ya ƙi warkewa. Akwai gwaji, akwai magani, kuma ba a biyan kuɗin maganin. Muna roƙon ka ba mu mutum biyu da gari ya amince da su, namiji da mace, waɗanda suka iya riƙe sirri." Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin mutumin kirki mai yawan surutu zai iya rusa aikin shekara guda da magana ɗaya a bakin rijiya. Limamin gari kuma ku same shi a zaurensa, ku ce, "Allah gafarta malam, muna son a taimaka mana da 'yan kalmomi ranar Juma'a." Malamai sun san hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, kuma jin haka daga bakin liman ya fi jin sa daga bakinku tasiri.

Akwai wasu da masu faɗakarwa suka saba yi wa kallon abokan gaba, wato wanzamai, da masu maganin gargajiya, da masu tallan magani a tebur ko a kan keke. A ganina wannan kuskure ne babba. Mai tari a ƙauye wurinsu yake fara zuwa, kuma zai ci gaba da zuwa ko kun so ko kun ƙi. Zagin su a bainar jama'a zai sa su hana mutanensu sauraronku. Abin da ya fi shi ne a same su ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci, a roƙe su abu guda: duk wanda ya dawo neman maganin tari karo na biyu, ko ya ce ya ga jini a kakinsa, su tura shi gwaji. Mai tallan magani ya san mai tari a gari fiye da kowa, tunda shi yake sayar masa da ruwan maganin tari mako bayan mako.

Abin da mai faɗakarwa zai riƙe a kansa

Ba a buƙatar ku zama likitoci, amma akwai bayanin da idan ba ku riƙe shi da kyau ba, tambaya ɗaya daga bakin dattijo za ta kayar da ku. Wata ƙwayar cuta ce da ido ba ya gani take kawo tarin fuka, kuma wani likitan Jamus mai suna Robert Koch ne ya bayyana gano ta a Berlin ranar 24 ga Maris, 1882, shi ya sa duniya take tunawa da cutar a wannan rana kowace shekara. Ƙwayar tana fita ne cikin iska lokacin da mai ciwon a huhu ya yi tari, ko atishawa, ko magana, ta daɗe tana shawagi a ɗakin da iska ba ta ratsawa, wanda ke kusa ya shaƙa. Hasken rana yana kashe ta, iska kuma tana watsa ta, saboda haka haɗarin ya fi yawa a rufaffen ɗakin da mutane da dama suke kwana tare, ya fi ƙaranci a tsakar gida ko a inuwar bishiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen duniya sun taɓa shaƙar wannan ƙwaya, amma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 ne kawai daga cikinsu ciwon yake bayyana a jikinsu a tsawon rayuwarsu. Ga sauran, ƙwayar tana kwance ne ba ta cutar da su, su ma ba sa yaɗa ta. Abin da ke tayar da ita shi ne raunin garkuwar jiki, wanda yunwa da rashin abinci mai gina jiki, da cutar sida, da ciwon suga, da shan taba, da shan giya suke jawowa. Wannan bayani shi ne amsar tambayoyi biyu da za ku sha ji. Ta farko ita ce, "Me ya sa ni na kamu, ɗan'uwana da muke ɗaki ɗaya bai kamu ba, in ba sammu aka yi mini ba?" Ta biyu ita ce maganar gado, domin mutane sun ga kaka ya mutu da tari, uba ya bi shi, ɗa ma ya fara, sai suka yanke cewa a jinin gidan yake. Abin da suka gani gaskiya ne, fassarar ce ta kauce, domin ɗaki ɗaya suka kwana, iska ɗaya suka shaƙa, tukunya ɗaya ta ƙoshar da su ko ta bar su da yunwa. Ku fara da gaskata abin da idonsu ya gani kafin ku gyara fassarar, domin wanda aka ƙaryata a gaban mutane ba ya sake sauraro.

A shekarar 2023, bisa ƙiyasin hukumar, mutum miliyan 10.8 ne suka kamu da ciwon a duniya, kimanin miliyan 1.25 suka mutu. Ku san wannan adadi don kanku, amma ba shi da amfani a dandalin ƙauye. Abin da zai amfani mai sauraro shi ne ya ji cewa idan ba a yi magani ba kusan rabin masu ciwon suna mutuwa, idan kuwa aka sha magani daidai mafi yawansu suna warkewa sarai su koma gonarsu.

Alamomin da za ku nanata har yara su haddace su ne tarin da ya kai mako biyu bai tafi ba, zazzaɓin da ke tasowa da yamma, gumin dare har ya jiƙa shimfiɗa, rama, rashin cin abinci, ciwon ƙirji, wani lokaci da jini a cikin kaki. Ku ja kunne cewa ba sai an ga jini ba, domin da yawa suna jiran jinin kafin su yarda abin ya yi tsanani, alhali kafin nan sun yi watanni suna yaɗa cutar a cikin iyalinsu. Ciwon yana iya kama wani wuri ban da huhu, kamar kaluluwar wuya ko ƙashin baya, kuma irin wannan shi ma magani ɗaya ne.

Yadda za a faɗa, da inda za a faɗa

Tsoratarwa ita ce hanya mafi sauƙi ga mai jawabi, kuma ita ce mafi ɓarna. Idan kuka tsaya kuna kwatanta yadda cutar take cinye mutum har ya zama ƙashi da fata, kuna cewa a guji mai ita, to duk mai tarin da ke cikin taron zai danne tarinsa ya sulale gida, matar da ke tari kuma za ta ɓoye wa mijinta don gudun saki ko gorin kishiya, iyayen budurwa su rufe bakinsu don kada a fasa aurenta. Saboda haka duk lokacin da kuka ambaci haɗari, ku haɗa shi da mafita a numfashi ɗaya. Ku faɗa a sarari cewa ba a ɗaukar tarin fuka ta musabaha, ko ta cin tuwo a kwano ɗaya, ko ta shan ruwa a moɗa ɗaya, don haka ware wa mara lafiya kwanonsa da kofinsa ba ya kare kowa, baƙin ciki kawai yake ƙara masa. Ku faɗa kuma cewa wanda ya fara shan magani daidai, haɗarin yaɗawarsa yana raguwa ƙwarai cikin makonnin farko, kuma mai haɗari a gida shi ne mai tarin da ba a gwada ba.

Babu wanda ya kai wanda ya warke iya gamsar da jama'a. Idan akwai magidanci ko dattijuwa da suka gama magani suka murmure, kuma suka yarda da kansu ba tare da an matsa musu ba, to minti biyar na bayaninsu ya fi jawabinku na sa'a guda. Idan suka ƙi, ku bar su, kada ma ku yi nuni da su.

Game da wuri, ku bi mutane inda suka riga suka taru, maimakon ku ce su bar aikinsu su zo gare ku. Maza suna masallacin Juma'a, da majalisar yamma, da kasuwa, kuma ranakun manyan kasuwanni irin Alhamis ta kasuwar Dole a Zinder ko Lahadi ta Mirya suna haɗa mutanen ƙauyukan da ba za ku iya zagayawa cikin wata guda ba. Mata suna wurin suna da biki, da bakin rijiya, da ranar awon ciki da rigakafin yara, da taron asusu irin na ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, kuma mace ce ya kamata ta yi musu magana. Inda akwai makarantar mazaje, wato zaman da magidanta suke yi don tattauna lafiyar iyali, wadda a wannan jiha tamu aka fara ta, ku shigar da batun cikin zamansu, domin a gidaje da yawa mace ba ta zuwa asibiti sai da izinin miji da kuɗin motarsa. Samari kuma ku same su a fada wurin shayi. A rediyo, shirin da ake buga waya a yi tambaya ya fi sanarwar da ake maimaitawa amfani, tunda mai jin kunya zai iya tambaya da sunan "wani abokina". A yankunan Tanut, Gure, Belbeji da Teskar, ku nemi mai fassara zuwa Fulatanci, Buzanci, Barbarci ko Tubanci, ko da masu sauraron suna jin Hausar kasuwa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa hunturu, sa'ad da aikin gona ya lafa, 'yan cin rani ba su gama watsewa ba, kuma sanyi ya sa ana toshe tagogi da tsumma ana cunkushewa a ɗaki ɗaya.

A cikin gida

Bayan taro ne ainihin aikin yake farawa. Wani zai biyo ku a hankali ya ce yayansa yana tari tun kafin girbi. Kada ku tafi gidan da ayari ko da rigar aiki mai ɗaukar ido. Ku je ku biyu, ku yi sallama a zaure kamar masu ziyara, ku nemi a zauna a waje inda iska take kaɗawa, ku gaisa sosai kafin ku ce, "Baba, mun ji jikin ya matsa maka. Tun yaushe tarin ya fara?" Ku saurari duk abin da ya gwada, rubutu ne, ko saiwa, ko allurar mai tebur, ba tare da kun yi masa dariya ko faɗa ba, sa'an nan ku ce akwai gwajin da zai nuna ko wannan tari ne mai buƙatar magani na musamman.

Yawancin gwaje-gwajen da suke lalacewa, tun wurin tofawa suke lalacewa, domin mutane suna kawo yawu a maimakon kaki. Ku nuna masa yadda ake yi. Ya fita fili nesa da mutane, ba cikin ɗaki ko makewayi ba, ya kurkure bakinsa da ruwa don kada guntun goro ko abinci ya shiga, ya ja numfashi mai zurfi ya saki kamar sau uku, sa'an nan ya yi tari mai ƙarfi daga can cikin ƙirji, ya tofa abin da ya fito mai kauri a cikin robar, kimanin cikin ƙaramin cokali, ya rufe murfin gam, ya wanke hannunsa. Kakin asuba, kafin a ci komai, ya fi nuna cutar, shi ya sa ake yawan neman guda biyu, ɗaya nan take ɗaya da safe. A rubuta suna a jikin robar ba a kan murfi ba, a kare ta daga rana, a kai ta da wuri. A wasu wurare da madubin ƙara girma ake dubawa, a wasu kuma da na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, kuma take iya nunawa cikin kimanin sa'a biyu ko akwai cutar da kuma ko tana jin babban maganinta. Idan sakamako ya ce ba a ga komai ba amma tarin ya ci gaba, a koma asibiti, kada a ce an gama. Ku kuma sanar da shi tun da wuri cewa duk wanda aka samu da tarin fuka ana ba shi shawarar gwajin sida, kuma wannan ƙa'ida ce ga kowa, ba zarginsa ake yi ba.

Wata shida

Nan ne ake rasa mutane, kuma nan ya kamata mai faɗakarwa ya fi ɓata lokacinsa. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne. A wata biyun farko ana shan magunguna huɗu da aka haɗa cikin ƙwaya ɗaya, wato rifampicin, isoniazid, pyrazinamide da ethambutol, a wata huɗun da suka biyo baya kuma biyun farko kawai. Ana sha sau ɗaya a rana, galibi da safe kafin a karya kumallo, kuma yawan ƙwayoyin ya danganta da nauyin mutum, shi ya sa ake ɗora shi a sikeli. Ana sake gwada kaki a ƙarshen wata na biyu, da wata na biyar, da ƙarshen magani, kuma wannan gwaji ne yake tabbatar da warkewa.

Matsalar ita ce maganin yana da saurin aiki. Cikin 'yan makonni zazzaɓi ya tafi, abinci ya fara shiga, tari ya lafa, mutum ya ga ya koma daidai, sai ya ce wahalar zuwa asibiti ta isa haka. Manomi zai fahimci haɗarin idan kuka tuna masa da wanda ya yi noman farko, ya ga gona ta yi fes ya ƙi yin maimai, ciyawa ta dawo ta fi ƙarfin hatsin. Ƙwayoyin cutar da suka rage su ne masu taurin kai, kuma idan suka farfaɗo suna iya daina jin maganin, sa'an nan wanda ya shaƙa daga gare shi ma irin wannan tarin zai ɗauka. Shi ma yana da magani, kuma Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka fara amfani da gajeren tsarin maganinsa tun 2008 da taimakon ƙungiyar Action Damien ta Beljiyam, amma magungunansa sun fi wahalar da jiki, kuma a manyan cibiyoyi ake fara su, nesa da gida da gona.

Saboda haka tun ranar farko a zaɓi mutum ɗaya da zai riƙa ganin mara lafiya yana haɗiye maganin kullum, ya sa alama a gidan ranar a jikin katin maganin da asibiti ya ba mara lafiyan. Mara lafiyan ne zai zaɓe shi, kuma ya kasance wanda yake jin nauyinsa. Ku gaya masa tun kafin ya gani cewa fitsarinsa zai koma ja-ja kamar ruwan goro, kuma rifampicin ne yake sa haka, ba jini ba ne, domin da yawa sun watsar da magani saboda wannan tsoro kaɗai. Amma idan idanu suka yi rawaya irin na ciwon shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso a jiki, ko gani ya fara dushewa, to a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar karɓar magani. Mai ciki tana shan wannan magani, mai shayarwa ma tana sha ta ci gaba da ba ɗanta nono. Wadda take shan ƙwayoyin tazarar haihuwa ko take da ashanar hannu ta sanar da ungozomar asibiti, domin rifampicin yana rage musu ƙarfi.

Abubuwa uku ne suka fi katse magani a ƙasarmu, kuma duk ana iya hango su tun daga nesa. Damina tana yanke hanya ta kuma riƙe mutane a gona, don haka a yi magana da majo tun kafin ruwa ya sauka a kan yadda maganin zai riƙa isowa. Azumi yana sa wasu su ajiye ƙwayoyin wata guda cur, alhali Alƙur'ani a cikin suratul Baƙara ya yi wa mara lafiya rangwame ya rama daga baya, kuma wanda ya ji ƙarfin yin azumi sai ya nemi ma'aikacin lafiya ya daidaita masa lokacin sha, tunda sau ɗaya ne a rana. Na uku, wanda ya fi su wuya, shi ne tafiya. Saurayin da ya ji sauƙi zai so ya bi abokansa Kano, ko Agadas, ko Libiya, macen Kance za ta so ta bi ayarin Aljeriya, kuma hana su ba ya yiwuwa da baki kawai idan rumbu babu hatsi. Ku roƙe su su jinkirta har su gama, idan kuwa tafiyar ta zama dole, su je a rubuta musu takardar canjin wurin karɓar magani, su tafi da katinsu. Batun abinci ma kada a raina shi, domin mai shan maganin nan yunwa take dawo masa da ƙarfi. Wake, gyaɗa, zogale, ƙwai da nonon da aka dafa duk suna taimakawa, kuma idan gidan ba shi da hali, wannan magana ce da za a kai wa mai gari da liman cikin sirri.

Sauran mutanen gidan

Duk gidan da aka samu mai tarin fuka na huhu, a tambayi kowa ko yana tari, a kai masu alamun gwaji. Yara 'yan ƙasa da shekara 5 a kai su ko da lafiyarsu ƙalau, domin akwai maganin kariya da ake ba su na 'yan watanni don kada ciwon ya tashi. Yaro ba lallai ya yi tari mai kaki kamar babba ba, sau da yawa rama ce, da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, da rashin kuzarin wasa, kuma yaron da ake ba abincin tamowa amma nauyinsa ya ƙi ƙaruwa ya kamata a bincike shi. Allurar BCG da ake yi wa jarirai, wadda aka fara amfani da ita a Faransa a 1921, tana kare ƙananan yara daga munanan nau'o'in cutar kamar wanda ke kama ƙwaƙwalwa, amma tabonta a hannu ba ya nufin babba ba zai kamu ba. A makonnin farko mara lafiya ya rufe bakinsa da hankici ko gefen mayafi idan zai yi tari, ya yawaita zama a waje, a buɗe ƙofa da taga da rana, kuma idan da hali kada ƙananan yara su kwana ɗaki ɗaya da shi.

Makarantun allo suna buƙatar ziyara ta musamman, saboda almajirai da yawa suna kwana a zaure ɗaya. Ku roƙi malam kada ya kori yaron da aka samu da cutar, domin korarsa tana nufin ya tafi da ita wani gari ba tare da magani ba. Waɗanda suka dawo daga haƙar zinariya, irin ta Jado da ta ɓarke a 2014, ku tambaye su game da tari ko da ba su yi ƙorafi ba, domin ƙurar dutse tana lalata huhu ta buɗe wa tarin fuka ƙofa. Makiyaya kuma a gaya musu cewa shanu suna da nasu nau'in cutar da ke iya shiga mutum ta ɗanyen nono, kuma tafasa shi yana kashe ta.

Ku riƙe ɗan littafi da ba ya barin aljihunku, ku rubuta wanda kuka tura gwaji, da ranar da ya je, da abin da aka samu, sa'an nan duk ƙarshen wata ku zauna da majo ku gwama naku da rajistarsa, don a gane wanda aka tura bai isa ba da wanda ya fara magani ya ɓace. Idan mutum ya yi kwana biyu bai sha ba, ku je gidansa ku fara da tambayar abin da ya hana shi, domin sau da yawa kuɗin mota ne, ko amai, ko wata magana da aka yaɓa masa a majalisa, kuma kowanne da irin gyaransa. Idan ya daɗe da dainawa, kada ku ce ya ci gaba da ragowar ƙwayoyin da ke gida. Ku raka shi asibiti da katinsa, domin ma'aikacin lafiya ne zai duba tsawon lokacin da aka yi ba a sha ba, ya yanke ko a ɗora daga inda aka tsaya ko a sake gwada kaki tukuna.